Maganin 'Yan Dubiya da Ladancin Kawu

Da asubar fari muka tashi daga Kano, ni da yayata, ba don son sammako ba sai don wayar da aka yi mana daga ƙauye ta hana mu sukuni. Inna ce ta kira, matar Kawu. Ta ce Kawu ya ruɗe, ba ya bambance safiya da yamma, kuma dattawan gari sun karɓi ladanci daga hannunsa sun ba wani. Maganar ruɗewar ta tayar mini da hankali, amma ta biyun ce ta fi sukata. Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, a hannunsa na yi ƙuruciya, kuma tun da na buɗi ido muryarsa ce ke tashin ƙauyenmu. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, gonarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. Kiran sallar nan shi ne duk abin da yake da shi a idon jama'a. Don haka ku da kuka saba jin ina ba ku labarin inda ake gasa nama mai kyau da inda hanya ta gyaru, ku yi haƙuri da ni, wannan tafiyar ba irin waccan ba ce.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake hawa, kamar yadda yake yi duk lokacin da mutum ya kau da ido. Yaya ta tsaya ciniki da ɗan kamasho har sai da ya rantse da abin da zai kashe shi, sannan ta biya abin da ya faɗa tun farko. Aka cusa mu a ƙaramar mota, ni a baya tsakanin wani dattijo mai fataucin tumaki da buhun wani abu da ba a gaya mana ko mene ne ba. Gari na wayewa muka bar hayaniyar birni a baya.

Kaka ce sosai. Tun daga wajen gari dammunan gero suke jingine a gonaki, wake ya bushe yana jiran roro, mata sun fito bakin hanya suna sussuka da shiƙa. Ga wanda Allah ya ba lafiyar hanci wannan abin sha'awa ne. Ni kuwa da iska ta kwaso ƙaiƙayin geron nan ta watso ta tagar mota, sai atishawa ta ce salamu alaikum. Gadon gidanmu ne ta wajen uwa. Da an fara girbi idanunmu su yi ja, hanci ya yi ta zuba, wuya da damatsa su yi ruɗu-ruɗu. A cikinmu duka Kawu ne abin ya fi kamawa, don shi a tsakiyar masussuka yake zaune.

A Dambatta muka tsaya karin kumallo, ƙosai mai zafi da koko wanda aka yi wa rowar sukari. Da muka koma mota dattijon nan ya gaji da atishawata, ya laluba aljihu ya fito da ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da kowa ya sani, maganin mura da ƙaiƙayi, ya ɓallo ɗaya ya miƙo mini. Direba ya hango ta madubi ya ce shi ma a sam masa, hancinsa ya toshe. Yaya ta ce masa in ya sha ita a nan za ta sauka, don ba ta shirya mutuwa a hannun mai gyangyaɗi ba. Aka yi dariya, direba ya haƙura. Ni kuwa dattijo ya riga ya miƙo, hannunsa na tsaye a gabana, sai na karɓa na kora da ruwa don kada ya ji ba daɗi. Abin da zan iya ba ku labari game da Kazaure da duwatsunta a wannan tafiyar ke nan: ban gan su ba. Barci ya yi gaba da ni, sai dungurin Yaya na ji a Sandamu, na farka bakina a bushe ƙamas, kaina ya yi nauyi. Atishawa dai ta tsaya.

Daga Sandamu babur muka hau, don hanyar ƙauyenmu rairayi ce, ƙaramar mota ba ta son ta. Na san kowace kuka da kowace gawo a hanyar nan, amma ranar ban ji daɗin ganinsu ba. Muna shiga gari mata suka fara leƙowa ta kan danga suna yi mana sannu da zuwa da irin muryar da ake yi wa masu zuwa ta'aziyya.

A zaure muka same shi, kwance a tabarma da hantsi, lokacin da a da yana gona. Ya rame. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, idanunsa rabi a buɗe. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko na shayar da jaki. Jakin da yake nufi ya mutu tun ina makarantar firamare. Yaya ta juya ta shige cikin gida, na ji kukanta daga can. Ni ma na so in yi, amma wani ya zama dole ya zauna.

Inna ce ta ba mu labarin yadda abin ya faru, tana tankaɗe tana magana. Ta ce da aka fara girbi ciwonsa na kowace shekara ya taso, sai dai bana ya fi tsanani, har ya kwanta. Daga nan sai barci, ba dare ba rana. Ya fara makarar asuba, shi da mutane ke saita agogo da shi. Wata rana a kiran magariba ya sako kalmomin da ba a faɗa sai a kiran asuba. Abin da ya ƙarasa lamarin shi ne ranar da ya kira la'asar ya zauna jiran liman, ya manta bai kashe lasifika ba, barci ya ɗauke shi, gari kaf ya ji minsharinsa daga saman masallaci. Matasa suka yi ta dariya, manya suka sunkuyar da kai. Bayan sallar Juma'a dattawa suka zauna suka ce tsufa ya zo wa Malam, a hutar da shi tun mutuncinsa bai zube ba. Aka tambaye shi a gaban jama'a, ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha, aka miƙa wa wani magidanci makullin ɗakin lasifika.

Da yamma 'yan dubiya suka fara zuwa, a nan na ga abin da ban fahimta ba sai daga baya. Wani amininsa da ke cin kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ya zo da kwalbar maganin tari, ya ce wannan ba irin na gida ba ne, shi ma shi ya sha ya miƙe. Kawu ya yunƙura ya tashi zaune, ya sa aka tsiyaya masa a murfi, ya shanye a gaban mutumin, ya yi masa addu'a. Bai jima da fita ba wani maƙwabci ya shigo da ƙullin leda, haɗin mai kemis, ƙwayoyi kala-kala babu suna babu kwali. Shi ma aka kawo ruwa. Na ce wa Inna anya wannan bai yi yawa ba? Ta ce, "Ɗan nan, ka manta halin kawunka? Cewa yake mutum ya tako ƙafarsa, ya kashe kuɗinsa, ya kawo maka abu don yana son ka tashi, sai ka ajiye a gefe kamar kana zarginsa? Ko a cikin ruɗewar nan wannan bai manta ba."

Haka ne kuwa. A wajenmu ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma tun da magani ya zama abin da ake samu a kowane teburi da kowane tire a kasuwa, ya shiga sahun goro da fura a cikin abin da ake riƙowa. Kowa ya kawo wanda ya yi masa aiki. Masu wayo sukan karɓa su yi godiya su tura ƙarƙashin filo. Kawu ba ya cikin masu wayo. Shi mutum ne mai kara har ta yi masa yawa, irin wanda in ka ba shi abinci yana ƙoshe zai ci, ya kuma ce ya yi daɗi.

Da magariba ta yi sabon ladan ya ɗaga murya. Ba zan yi masa ƙarya ba, muryarsa tana da kyau, ya kuma iya. Na dubi Kawu. Bai ma nuna ya ji ba. Wannan ya fi komai ɓata mini rai a ranar.

Washegari da safe Inna ta ja ni gefe, tana kallon ƙasa, ta ce akwai abin da ba za ta iya faɗa wa yayata ba. Malam yana yawan zagayawa, ya daɗe, ya fito yana gumi yana dafe da mara, in ta tambaya ya ce babu komai. Na je na zauna kusa da shi, na jira har zauren ya zama daga ni sai shi, na tambaye shi kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Can ya ce, a hankali, fitsari ne ya ƙi fita sai ɗigo-ɗigo, tun jiya kuwa ko ɗigon babu. Na taɓa mararsa na ji ta yi tauri kamar ƙwarya. Ban tsaya shawara da kowa ba, na fita neman mota.

Wata tsohuwar motar ɗaukar buhuna muka samu, aka shimfiɗa masa katifa a baya. Kafin mu fita Yaya ta koma ɗaki ta tattaro duk wani magani da ke ƙarƙashin filo da kan taga da cikin aljihun rigunansa, ta zuba a leda. Ta ce ta yi jinyar mijinta ta san abin da za a fara tambaya. Hanyar rairayin nan da jiya na raina, ranar na tsane ta, don duk ramin da muka faɗa sai Kawu ya cije leɓe. Da muka hau kwalta sai Daura.

Na daɗe rabona da Daura. Gari ya buɗe, tituna sun yi faɗi, sababbin gine-gine sun tashi a inda na sani gonaki ne. 'Yan keke mai ƙafa uku sun cika ko'ina, masu fura da nono na zaune a inuwa da ƙorensu fes. A wata tafiyar da na tsaya na ba ku labarin kowanne. Wannan karon asibiti kawai nake nema.

An taimake mu, ba a bar shi a layi ba da aka ga halin da yake ciki. Wani ma'aikacin jinya namiji ya shiga da shi ya sa masa roba, fitsarin ya fita, na ji ajiyar zuciyar da ya yi daga bayan labule. Likitar mace ce, mai matsakaicin shekaru, ba ta da gaggawar magana. Ta ce a kawo abin da yake sha. Yaya ta juye ledar a kan teburi. Likita ta fara ware su tana karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalabe da bayan katin ƙwayoyi, tana tura wasu gefe guda. Da ta gama, gefen nan ya fi kowane tudu.

Ta ce waɗannan duka, ƙananan masu ruwan ɗorawa, da maganin tarin, da na murar da ke cikin kwali, kusan abu ɗaya ne a cikinsu ko ɗan'uwansa, wato tsohon samfurin maganin da ke kwantar da atishawa da ƙaiƙayi. Sunayen kwali ne suka bambanta. Na cikin ƙullin leda kuwa ta ce ba za ta rantse ba tunda babu suna, amma ta gane wasu da ido. Maganin ba mugu ba ne, in ji ta, yana aiki in an sha shi yadda aka tsara. Sai dai yana sa barci, yana busar da baki, yana ɗaure ciki. Ga tsoho kuwa abin ya fi haka, don jikinsa ba ya fitar da shi da wuri, yakan dagula masa tunani har a ɗauka ruɗewar tsufa ce, yakan kuma riƙe fitsari, musamman ga dattijon da tsokar da ke ƙasan mafitsararsa ta riga ta ƙara girma. Baba kuwa ba kashi ɗaya yake sha ba, yana shan na kowa da kowa ne a rana guda.

Na tambaye ta ko hankalinsa zai dawo. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba sai an duba sauran abubuwa, amma tana kyautata zato. A dakatar da duka, a ba jiki lokaci. In an tabbatar ƙodarsa lafiya, akwai sabon samfuri da ake sha sau ɗaya a rana wanda bai cika sa barci ba, shi za ta rubuta masa, shi kaɗai, kada a haɗa da wani maganin mura ko na tari sai an tambaya. Ta ƙara da cewa ya riƙa rufe hanci da baki in ana sussuka, ya yi wanka ya sauya riga in ya dawo daga gona. Yaya ta tambaya ko tsohon samfurin nan ne mata ke ba jarirai don su yi barci a samu a yi aiki. Fuskar likita ta canza. Ta ce shi ne, kuma ta roƙe mu duk inda muka ga ana yi mu hana, don ƙaramin yaro ba a ba shi wannan sai da izinin likita. Ta kuma ce in mutum ya ga leɓe ko harshe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, wannan ya wuce na ƙwaya, asibiti za a nufa a guje.

Aka kwantar da shi. Muka sauka a gidan wata 'yar'uwarmu da ke aure a cikin gari, muna kai da kawowa da kwanukan abinci. Wata yamma Yaya ta ce zaman jugum zai kashe mu, mu je rijiyar Kusugu. Muka je. Baƙi na ɗaukar hoto, ana ja musu ruwa da guga suna sha suna shafawa a fuska, mai kula da wurin yana ba da tarihin da duk ɗan ƙasar nan ya haddace tun yana ƙarami. Na sha ruwan, mai sanyi ne, amma hankalina na gadon asibiti. A hanyar dawowa muka sayi fura, Yaya ta ce ta Kano ba ta kama ƙafarta ba, ni dai ban ji ɗanɗanon komai ba.

Sauƙin ya zo a hankali, sannan ya zo gaba ɗaya. Wata safiya na shiga na tarar da shi zaune ya jingina da bango, idanunsa tar. Ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro, ya yi mini faɗan fitowa babu hula, ya tambaya ko an rore waken gonar gabas ko an bar wa awaki. Farin ciki ya kama ni. Murnar ba ta daɗe ba. Masallacin da ke kusa da asibitin ya kira azahar, Kawu ya saurara har aka gama, sannan ya juyo ya ce, "Wa na bar wa riƙon masallaci kafin in koma?"

Bai tuna ba. Zaman Juma'ar nan, da tambayar da aka yi masa, da gyaɗa kan da ya yi, babu ko ɗaya a kansa. Yaya ta tashi ta fita, ta bar ni da aikin. Na gaya masa. Na so in tsallake maganar lasifika da minshari, amma ya yi ta tambaya har sai da na faɗa. Ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba.

Da aka sallame mu muka koma ƙauye, gari ya yi mamaki. Mutumin da aka fitar a kwance ya sauko daga mota da ƙafarsa yana gaisawa da kowa da sunansa. Ban ko huta ba na nufi wajen liman, na same shi tare da mai unguwa a ƙofar gida. Na yi musu bayani dalla-dalla, cewa ba tsufa ba ne, magani ne, kuma maganin da mutanen garin nan suka kawo da hannunsu. Suka yi salati, suka jajanta, na kuma ga abin ya taɓa su da gaske. Amma liman ya ce abin da aka ƙulla a gaban jama'a aka shafa masa fatiha ba a kwance shi a ƙofar gida. Wanda aka ba bai roƙa ba, bai kuma yi laifin da za a karɓe ba. Hanya ɗaya ce, shi da kansa ya mayar. Ya ce zai yi masa magana.

Ya kuwa yi. Bayan la'asar sai ga sabon ladan ya yi sallama a zaure. Mutumin kirki ne, manomi, mai iyali, tun yana saurayi yake bin Kawu sahun gaba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa barka da arziki, sannan ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a bakin tabarma. Ya ce, "Baba, dama riƙo nake yi maka. Tunda Allah ya ba ka lafiya, ga kayanka."

Na ga hannun Kawu ya motsa a kan gwiwarsa. Amma kowa a ƙasar nan ya san yadda ake yi. Ba a karɓar irin wannan a tayin farko. Sai ka ce a'a, mai bayarwa ya nace, ka sake ƙi, ya haɗa ka da Allah, waɗanda ke wurin su sa baki, sannan ka karɓa kamar an tilasta maka, kowa ya tashi da mutuncinsa. Don haka Kawu ya ce, "Haba ɗan nan, abin da jama'a suka ba ka? Riƙe abinka. Mu ai mun yi namu."

Muka jira ya nace. Mutumin ya ƙura wa makullin ido. Ban san abin da ya gudana a ransa ba, kuma ba zan ɗora masa mugun nufi ba. Wataƙila ya ɗauka da gaske ake, wataƙila shi ma ya ɗanɗana tsayuwa a gaban lasifika ya ji ba zai iya bari ba. Sai ya ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma." Ya ɗauki makullin ya mayar aljihu, ya yi sallama ya fita.

Na yunƙura zan bi shi. Yaya ma da ke laɓe a bayan ƙofa ta fito tana cewa wallahi ba za a yi haka ba. Kawu ya ɗaga hannu ya ce mu zauna. Ya ce shi ya faɗa da bakinsa, yana cikin hankalinsa wannan karon, kuma ba zai aika a roƙo masa abin da ya ce ya bari ba. Da magariba ta yi ya yi alwala ya tafi masallaci, ya bi sahu kamar kowa.

Kafin mu taho Yaya ta tara matan gidan da na maƙwabta ta yi musu bayanin likita, da ƙarin nata gishirin. Ta sami kwano mai murfi ta ba Inna, ta ce duk wanda ya kawo magani a karɓa a yi godiya a sa a nan, a ce likita ya hana haɗawa, laifin ya tafi kan likita. Ni kuma na zauna da Kawu na roƙe shi ya yi mini alkawarin ba zai ƙara shan abin da ba a rubuta masa ba, ko wa ya kawo. Ya yi murmushin yaƙe, ya ce ya yi.

Dawowa ba ta da labari. Babur zuwa Sandamu, mota zuwa Kano, ana ta sussuka a bakin hanya, na ɗaure hancina da hankici na rufe taga. Wannan karon na ga Kazaure, duwatsunta na nan inda suke. Ni da Yaya muka shigo gari ana kiran la'asar, kowa ya kama hanyar gidansa.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiyar ba mai yawa ba ne, amma ina roƙon ku riƙe shi. Ƙaramar ƙwayar da muke raina wa, muke miƙa wa juna a mota da wajen biki, magani ce ta gaske, tana da ƙa'ida. Ku karanta abin da ke jikin kwali, ko ku ba wanda zai karanta muku, don maganin mura da na tari da na ƙaiƙayi sau da yawa abu ɗaya ne ya sauya riga. Kada a sha a hau babur ko a riƙe sitiyari. Kada a ba tsoho ko jariri ko mai ciki sai an tambayi ma'aikacin lafiya. In tsohonku ya ruɗe farat ɗaya, kafin ku ce tsufa ne ku duba ƙarƙashin filonsa. In kuma za ku je dubiya, ku riƙa lemo ko fura, ku bar wa likita aikinsa. Babu wanda ya nufi Kawu da sharri a cikin waɗanda suka kawo masa magani, wannan ne ma ya sa na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Na kira Kawu a waya bayan na huta. Muryarsa garau, atishawa ta tafi, har ya koma gona. Na tambaye shi yaya jiki, ya ce jiki alhamdu lillahi, barci ma ya daidaita, yana farkawa a lokacinsa na da ba tare da kowa ya tashe shi ba. Sai ya ce, "Sai dai ban taɓa sanin haka tsakanin farkawa da salla yake da tsawo ba."